Gidan makoki da ƙwayar barci: maganin da muke miƙawa da wanda muke mantawa

A Maradi, kafin masu jana'iza su dawo daga maƙabarta an riga an raba aiki. Wani ya kafa rumfa ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata sun ɗora tukunya, an ba yaro kuɗin ruwa da goro, wani kuma ya riƙe waya yana sanar da dangi na Tasawa da Dakoro da Katsina. Aiki ɗaya ne ba a ɗora wa kowa: lura da abin da mai rashin yake haɗiya, da abin da ya daina haɗiya. Shi ya sa a daren farko za ka ga maƙwabciya ta kwance bakin zane ta miƙa wa matar mamaci ƙwayar barci, alhali maganinta na hawan jini yana cikin kwalla tun ranar da aka kwantar da mijin a asibiti, ba wanda ya tuna da shi. A ganina mun juya lamarin. Maganin da bai kamata a bayar ba shi muke gaggawar bayarwa, wanda rai ya rataya a kansa kuma shi muke sakaci da shi.

Rashin barci, ƙin abinci, ciwon kai, nauyin ƙirji, mantuwa, mutum ya ji kamar ya ji sallamar mamacin a zaure: duk waɗannan jiki ne ke amsa abin da ya same shi, kuma ga mafi yawan mutane suna sassautawa da kansu cikin makonni ko watanni. Kuka ma ba rashin tawakkali ba ne. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Sau da yawa ƙwayar da ake miƙa wa mai kuka ba don ita ake miƙawa ba, don mu ne masu zaman, da kukan ya hana mu sukuni.

Ƙwayar da ta fi yawo a irin wannan lokaci ita ce diazepam, wadda aka fi sani da Valium, mai miligiram 5 ko 10. Tun a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba mai juyayin mutuwa magani na wannan rukuni, matuƙar ba wata cuta ta daban aka tabbatar yana da ita ba. Dalilin yana cikin yadda maganin ke aiki. Diazepam ba ya barin jiki da wuri. Wanda aka sha daren Litinin, wajen rabinsa yana nan cikin jini daren Talata, a jikin tsoho ma ya fi haka daɗewa. Idan ana sha kowane dare sai ya riƙa taruwa, rana ta uku ko ta huɗu ka ga jiri da tangaɗi da nauyin baki. Tsohuwa ta tashi da asuba za ta yi alwala, ƙafa ta ƙi ɗaukarta, ta faɗi a bakin rariya ta karye a ƙugu, gidan da ke makoki ya koma jinya. Mai shayarwa kuma maganin yana bi ta nono, jariri ya yi ta barci ya rage tsotso. Matashin da ya rasa mahaifi, aka ba shi ƙwaya da dare, da safe ya hau babur ya fita kabu-kabu, idonsa biyu amma hannunsa da ƙafarsa ba su farka ba.

Akwai kuma asarar da ba a lissafawa. Wannan magani yana hana ƙwaƙwalwa riƙe abin da ke faruwa. Matar da aka yi ta ɗura wa ƙwaya a kwanakin makoki, bayan wata guda sai ta tarar ba ta tuna waye ya zo waye bai zo ba, ba ta tuna addu'ar da aka yi. Zuwan mutanen nan da zamansu su ne abin da za ta jingina da shi nan gaba, an kuwa shafe mata su.

Babbar matsalar tana zuwa ne daga baya. Sati biyu zuwa huɗu na sha kullum sun isa jiki ya saba. Takaba kuwa wata huɗu ne da kwana goma, lokaci mai tsawo da mace ke zaune cikin ɗaki, dare ya yi mata tsawo, ga yaro da za a aika bakin tasha ya sayo. Ranar da ta ce ta bari, rashin barcin ya dawo fiye da na farko, da rawar hannu, da zufa, da faɗuwar gaba, wani lokaci har jijjiga irin ta farfaɗiya. Sai a ce mutuwar ce ta dawo mata sabuwa, ko a ce iska ce, a koma a ƙara mata ƙwaya. Duk wadda ta wuce sati uku ko huɗu tana sha kullum, kada ta yanke rana ɗaya. Ana ragewa ne kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas ko cikin goma na abin da take sha, duk bayan sati biyu, kuma likita ko majo, wato babban ma'aikacin jinya, shi ne zai tsara mata, ba ƴar'uwarta ba.

Za a ce ai tausayi ne, mutum ya kwana uku bai runtsa ba, a zuba masa ido? Ba haka nake nufi ba. Likita yana iya ganin dacewar ba da ɗan ƙaramin awo na dare biyu ko uku ga wani mutum takamaimai. Amma kafin ya rubuta zai tambayi shekaru, da ciki ko shayarwa, da ciwon asma ko na hanta, da sauran magungunan da ake sha, ya kuma ƙayyade ranar tsayawa. Mai tallar magani a faranti ba ya tambayar ko ɗaya, kuma kayansa sun yini cikin ranar Afrilu da ta haura digiri 40, alhali a jikin kwalin yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30.

A ɓangaren maza, tramol ne. Mutum ya yi haƙan kabari, ya yi zirga-zirgar sanar da dangi, ya tsaya karɓar gaisuwa daga safe har dare, aboki ya ce sha wannan ka ji ƙarfi. Na farmasi miligiram 50 ne, kuma iyakar abin da babban mutum zai sha a yini da kwana, ko da likita ne ya rubuta, miligiram 400 ne. Na bakin hanya kuwa akwai mai 120, da 200, da 225. Biyu na 225 sun riga sun tsallake iyaka. Yana jawo jijjiga ko ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba, musamman mai rashin barci da yunwa, wato daidai halin mai makoki. Idan aka sha tramol da rana aka bi shi da diazepam da dare, su biyun suna danne numfashi, mutum yana iya kwantawa ya ƙi tashi.

Ko maganin ciwon kai yana da iyaka. Paracetamol mai miligiram 500, babba yana shan ɗaya ko biyu, a bar awa shida tsakani, kada a wuce takwas a yini da kwana. Ramammen da ba ya cin abinci ya tsaya a shida. A duba kwalin maganin mura, domin da yawansu akwai paracetamol a ciki, mutum ya ninka bai sani ba, hanta ce kuma ke biya. Ibuprofen da diclofenac a cikin da babu komai suna ƙwarzar tumbi har ya yi jini, suna ɗaga hawan jini, suna wahalar da ƙoda a lokacin zafi. Baƙin kashi kamar kwalta ko aman jini, wannan na asibiti ne a take. Sannan akwai abin da ake kira maganin cin abinci, da ake saya wa mai takaba don ta rame. Wani cyproheptadine ne, mai sa kasala da barci, wani kuma dexamethasone ne, mai kumbura fuska, ya ɗaga suga da jini, kuma shi ma ba a yanke shi kwatsam bayan an ɗauki makonni ana sha. Nana A'isha, idan an yi rasuwa a danginta, talbina take sa a dama wa masu rashin, wato ruwa-ruwan garin sha'ir, kusan kununmu ke nan. Kunu ko fura ko ɗan romo, ludayi biyar yanzu biyar anjima, sau biyar ko shida a yini, da wani zaune kusa yana sha tare da ita, ya fi duk abin da ke cikin kwalba.

Yanzu ga maganin da ake mantawa, wanda a nan ne ake asarar rai.

Mai ciwon suga da ke shan glibenclamide, wanda wasu suka sani da Daonil, ko mai allurar insulin, haɗarinsa yana zuwa ta inda ba a zata ba: ya sha maganin kamar kullum amma bai ci komai ba, suga ya faɗi. Alamominsa zufa mai sanyi, rawar jiki, bugun zuciya, ruɗewa, maganar da ba kai. A gidan makoki kowa zai ce baƙin ciki ne ya taɓa shi, a yi ta yi masa fifita da tofi. Idan yana iya haɗiya, a ba shi sukari ƙwara uku na kwali, ko cokalin shayi uku zuwa huɗu a rabin kofin ruwa, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a maimaita, sannan a bi da abinci mai riƙe ciki. Glibenclamide yana daɗewa yana aiki, suga na iya sake faɗuwa bayan awoyi, don haka ko ya warware a kai shi a auna. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe a nemi mota. Mai shan metformin shi kaɗai ba kasafai sugansa ke faɗuwa haka ba, sai dai in amai ko zawo ya kama shi, ya je a duba shi kafin ya ci gaba da sha.

Hawan jini kuma ba ya sallama. Amlodipine, miligiram 5 ko 10, sau ɗaya ne a rana; wanda ya manta ya sha da zarar ya tuna a wannan yinin, amma kada gobe ya haɗa biyu. Atenolol da propranolol sun fi tsanani, domin yanke su kwatsam yana sa zuciya ta zabura. Ya kamata duk mai hawan jini da aka yi wa rashi a auna shi cikin satin farko, ya zauna minti biyar kafin a ɗaura masa abin awo. In awon ya kai 180 bisa 120, abin da majo zai ce maka 18 bisa 12, tare da matsanancin ciwon kai, ko dishi-dishin gani, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ba a jiran gari ya waye. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012, kan mutum kusan 2,000 da suka yi bugun zuciya mai tsanani, ya nuna haɗarin yana ninkawa wajen sau 21 a yinin farko bayan rasuwar makusanci, da wajen sau 6 a satin farko. Saboda haka dattijon da ya dafe ƙirji a zaman makoki yana zufa, ciwon yana sauka hannun hagu ko yana hawa muƙamuƙi, kada a ce masa "yi haƙuri, Baba". A ɗauke shi.

Masu farfaɗiya da ke kan Gardénal ko Tégrétol, da masu tarin fuka da ke cikin watanninsu shida na magani, su tafiyar gaisuwa ce ke karya su. An tafi ƙauye da niyyar kwana biyu, aka riƙe mutum har sadakar bakwai, magani ya ƙare. Duk mai irin wannan magani ya ɗauki na sati biyu ko da kwana ɗaya ya yi niyya. Akwai kuma waɗanda ba a faɗi: matar da ke shan maganin ƙanjamau a ɓoye, ɗakinta ya cika da dangin miji dare da rana, ba ta da minti ɗaya da za ta buɗe jaka ba a gani ba. Sai ta bari har a watse. Ba sai kowa ya san cutar kowa ba. Ya isa a ce kowace safiya da kowane dare ana fitar da mutane daga ɗakin mai takaba na ɗan lokaci, ta kintsa.

Ba na cikin masu cewa haƙuri kaɗai ya isa kowa. Akwai baƙin cikin da ke rikiɗa ya zama cuta, kuma yawan "ya haƙuri?" da amsar "da godiya" suna iya rufe shi ruf. A watanni shidan farko ma'aikacin lafiya ba ya gaggawar kiran abin cuta, sai in ya ga ɗayan waɗannan: mutum yana tunanin kashe kansa, ko yana ganin ba shi da wani amfani a duniya, ko magana da motsinsa sun yi sanyi ƙwarai, ko yana ji da ganin abubuwan da ba su da alaƙa da mamacin, ko ya taɓa yin ciwon damuwa a baya. Wanda kuma ya wuce wata shida begen mamacin bai sassauta ba, ya kasa komawa kasuwa ko gona ko kula da yara, shi ma a kai shi. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya san da wannan hali, kuma maganinsa na farko zama ne da wanda ya ƙware a sauraro da ba da shawara. Idan mai rashi ya ce "gara in bi shi", a tambaye shi kai tsaye ko yana nufin cutar da kansa. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi. A kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da na feshin gona daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Idan likita ya ga ciwon damuwa ne, galibi ɗayan magunguna biyu zai rubuta, fluoxetine ko amitriptyline, kuma a nan ne rashin bayani ke sa mutane su watsar. Illar maganin tana riga amfaninsa zuwa. Fluoxetine ana farawa da miligiram 10 ko 20 da safe. Satin farko yana iya kawo tashin zuciya, ciwon kai, zawo, rashin natsuwa da ƙarin rashin barci, shi ya sa ba a shan sa da dare kuma ana sha bayan an ci wani abu. Yawancin wannan yana lafawa cikin sati biyu. Sauƙin zuciya kuwa sai sati biyu zuwa huɗu, wani har shida. Yana iya rage sha'awa, abin da maza ba sa faɗi sai dai su daina sha a ɓoye. A faɗa wa likita, akwai canji. Matasa musamman a sa musu ido a makonnin farko, domin wasu tunanin cutar da kai yana ƙaruwa musu kafin ya ragu. Amitriptyline, wato Laroxyl, ana farawa da miligiram 25 lokacin kwanciya. Yana busar da baki, yana ɗaure ciki, yana sa jiri in an miƙe da sauri, yana iya riƙe wa tsoho fitsari. Mai sha ya zauna bakin gado minti ɗaya kafin ya tashi, ya yawaita ruwa da ganye irin zogale da rama. Bugun zuciya da ba daidai ba, ko kasa fitsari, ko suma, waɗannan ba na jurewa ba ne, a koma wurin wanda ya rubuta. Mai ciwon zuciya ya faɗa tun kafin a rubuta masa. Kuma wannan magani in an sha da yawa yana kisa, don haka wani ne zai riƙe kwalin yana ba da na kullum, nesa da hannun yara. Ko wanne daga cikin biyun ba a haɗa shi da tramol: haɗin yana kawo zazzaɓi, zufa, karkarwa, ruɗewa da jijjiga. Wanda ya samu sauƙi zai ci gaba da sha na watanni, galibi tara zuwa goma sha biyu, sannan a sauke a hankali.

Barcin da ake nema da ƙwaya, rabinsa mu ne muke kore shi. Shayi mai kauri zagaye uku bayan isha'i, da goro, da Nescafé. Abin da ke hana barci a cikinsu, bayan awa biyar rabinsa yana nan a jiki. Mai rashi ya tsaya da su daga la'asar. A rufe karɓar gaisuwa bayan isha'i, a karɓe masa waya, wani na jiki ya kwana kusa. In ya farka tsakar dare ya kasa komawa, ya tashi ya yi alwala ya yi nafila ko ya ja carbi har barci ya dawo, ya fi juye-juye a shimfiɗa. Mai takaba ta fito tsakar gida ta sha hantsi, ta ɗan taka. Kuma malamanmu su riƙa faɗi a fili cewa zuwa asibiti da rana ba ya ɓata takaba, domin har yanzu akwai gidajen da ake hana mace fita awon jini da sunan addini, alhali abin da aka ɗora mata shi ne ta kwana a ɗakinta.

Abin da nake kira gare shi ƙarami ne. Ranar da ake raba aikin rumfa da tukunya, a ware mutum ɗaya, ɗa ko ƙanwa ko aminiya mai iya karatu, a ce kai ne mai magani. Ya tambayi matar mamaci da iyayensa tsofaffi me suke sha, ya rubuta suna da awo da lokaci a takarda ɗaya, ya ƙirga abin da ya rage, ya ɗaura shan a kan lokutan salla don kada a manta. Duk wanda ya zo da ƙwaya, a yi masa godiya a karɓa a ajiye, kada ta wuce hannun mai magani. Masu farmasi su daina sayar da diazepam ba takardar likita ko da an ce musu rasuwa aka yi. Liman kuma, bayan addu'ar uku, jimla biyu sun ishe shi ya tunatar.

Shi wannan mai magani ne kuma zai tattara ragowar magungunan mamacin, waɗanda galibi jaka guda ne bayan doguwar jinya. Ba gado ba ne, ba a raba su, ba a ba wani don ciwonsa ya yi kama da na marigayi, ba a kuma zuba su a bola inda yara da awaki ke tono. A mayar da su farmasi ko asibitin da aka yi jinyar. Aikinsa ba ya ƙarewa da sadakar bakwai. Bayan arba'in, lokacin da baƙi suka ɗauke ƙafa, ya sake kai tsofaffin gidan awon jini da na suga, ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwali ya gani ko sun yi daidai da kwanakin da suka wuce.